Me ake bukata don tsara waƙoƙi a gidan rediyo?

Ɗan'uwa, ka tambayi abin da mutum zai iya kafin a ba shi aikin tsara waƙoƙi a tashar FM. Abu na farko kunne ne, amma kunnen da ya san masu sauraro. Waƙar da direban a-daidaita-sahu zai so da hantsi daban take da wadda uwargida za ta bari a kunne bayan isha'i. Haka watan azumi, jadawalin gaba ɗaya ke sauyawa.

Sai lissafin lokaci. Awa ɗaya minti 60 ce, kuma a cikinta za ka cusa talla, kanun labarai, kiran sallah da surutun mai gabatarwa. Ragowar ka raba: sabuwar waƙa da ake yayi ta riƙa dawowa bayan 'yan awanni, kiɗan kalangu ko kuntigi na da ya shigo jefi-jefi, kada mawaƙi ɗaya ya fito sau biyu a jere.

Ka koyi manhajar kwamfuta da ke jera waƙoƙi. Kuma don Allah ka saurari kowace waƙa har ƙarshe kafin ka sake ta, domin baiti ɗaya na batsa ko zagi ya isa ya jawo wa tashar matsala da NBC, hukumar da ke kula da gidajen rediyo da talabijin a Najeriya.