Kasala bayan tiyatar rage ƙiba

Hajiya, sannu da jiki. Kin ce wata shida ke nan da tiyatar rage ƙiba, amma kasala ta ƙi sakin ki. Tumbin da aka rage ba ya barin jiki ya samu sinadarin ƙarfe da bitamin B12 kamar da, sai jini ya yi ƙasa.

Ki je Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Gombe a auna yawan jini, ferritin (ma'ajiyar ƙarfe a jiki), B12 da bitamin D. Galibi allurar B12 ake yi duk wata uku.

Furotin kuwa giram 60 zuwa 80 kike buƙata kullum, ƙwai ɗaya giram 6 ne kacal. Ki fara cin kifi, alale ko kindirmo kafin tuwo, don loma kaɗan ke cika ki. Ruwa lita ɗaya da rabi a rana, kurɓi-kurɓi, minti 30 bayan abinci. Shayi da ƙwayar kalsiyam suna hana jiki shan ƙarfe, ki raba su da maganin ƙarin jini da awa biyu.

In amai ya yawaita ko ƙafafu suka fara mutuwa, ki ga likita ranar, ƙarancin bitamin B1 yana lalata jijiya.