Amsar Baba kan tsakuwar da anka turo hotonta

Assalamu alaikum 'yan gida. Kai ɗana, na ga hoton tsakuwar da kat tsinto bakin gulbin Zamfara, wajen Gummi, kana tambaya wane irin dutse ne. Bari in gaya maka gaskiya, ba sunan dutse kake nema ba, so kake in ce maka zinare ne. To ba shi ba ne.

Farin nan dutsen ƙanƙara ne, irin wanda kakanninmu ke ƙyasta wuta da shi. Sa wuƙa ka karce shi, ba ta cin shi, shi ko in ka goga shi ga kwalba sai ya yi mata zane. Mulmulewar da ya yi kuwa tafiya ce ya sha, ruwa ya kwaso shi daga duwatsun gabas yana gurza shi. Ja-jan da ke gefe marmara ce, ka bar ta.

Sauran ɗigon rawayan da ke ƙyalli. Samu guduma ka buga. Zinare baya fashewa, lanƙwashewa yake ya yi faɗi kamar ƙullu. Wanga kuwa zai tarwatse, garinshi ya fito baƙi-baƙi. Sannan nauyi: zinare ya ninka ruwa sau 19, dutsen ƙanƙara bai kai sau 3 ba, shi ya sa in ana wanke ƙasa a kwano zinaren ke kwantawa ƙasa.

Abin nan ni ya taɓa ci na. Wani, ba ni faɗin sunanshi, ya kawo man rabin buhu daga wajen Anka, rantsuwa har da hawaye. Tunkiya biyu na saida. Biyu! Har yau in mun haɗu kasuwa sai ya ce wai shi ma cutarshi anka yi. To kuɗin fa? Kai, a bar maganar.

A'a, tsaya, gudumar da na ce, can waje za ka buga, kar ka daka cikin gida, balle a turmin abinci. Duwatsun yankin nan wasu na da dalma, ita ce mai toka-toka da ƙyalli kamar kwalli. Kun dai tuna 2010, a ƙauyukan Zamfara su Bagega da Dareta, yara fiye da 400 sunka rasu saboda ƙurar dutsen da ake niƙawa cikin gidaje. Ka wanke hannunka in ka gama, ka turo man hoton garin in gani.