Tambaya da Amsa: An ce in saka hotunan ɗalibaina a intanet, in an ga matsala a goge

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina koyar da Hausa a ƙaramar sakandare ta wata makarantar kuɗi a Tudun Wada, Zariya. Mai makarantar ya ce daga wannan zangon kowane malami ya riƙa samo kayan darasi daga intanet, kuma mu riƙa saka rubutun yara da hotunansu da makinsu domin iyaye su gani. Wanda aka kawo ya yi mana bita ya ambaci RSS, ban gane ba. Na ce masa hankalina bai kwanta da saka hotunan 'yan mata ba, sai ya ce in an ga matsala ai gogewa za a yi. Ina tsoron a ce ban waye ba, aikin ya kuɓuce mini. Yaya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Ki kwantar da hankalinki, a cikin waɗanda suka zauna wannan bita ke ce kika yi tambayar da ta dace.

Batun RSS ba shi da wahala. Maimakon ki bi gidajen labarai ɗaya bayan ɗaya kina duba ko sun fitar da sabon abu, manhaja guda ce za ta riƙa tattaro miki. Ki sauke Feedly ko Inoreader, dukansu suna da tsarin kyauta, ki saka BBC Hausa da wasu 'yan wurare da kika amince da Hausarsu. Wurin da aka gina da WordPress, wato manhajar gina shafukan intanet, yawanci in kika ƙara /feed a ƙarshen adireshinsa za ki samu adireshin RSS ɗinsa. Amfaninsa a gare ki shi ne ke kika zaɓi abin da zai zo, ba kamar Facebook ba da ke zaɓa miki. Kuma yawancinsa rubutu ne, ba ya cin data kamar bidiyo. Kada ki tara wurare da yawa, ba za ki karanta ba. Da dare ki ɗauko labari ɗaya, da safe ya zama darasin auna fahimta, ko ki sa yara su farauto kurakuran ƙa'idojin rubutu a ciki, don har manyan kafafen ma suna barin ƙ da ɗ ba lanƙwasa. Babu wata takardar shaida da za ki biya kuɗi kafin ki iya wannan.

Yanzu ga maganar da ta fi damuna, wato "in an ga matsala sai a goge". Wallahi na gaji da jin ta, kuma abin takaici daga bakin masu koyar da malamai take fitowa. Mutum ya iya buɗe kwamfuta da haɗa majigi, shi ke nan ya zama gwani, yana yawo makarantu daga Sabon Gari zuwa Samaru yana karɓar kuɗin bita. Wanda ya koya muku RSS da safe, ya kuma ce muku ana gogewa da rana, bai fahimci abin da ya koyar ba. Yadda manhajar take kwaso miki labarin wasu ta ajiye kwafinsa, haka take kwasar naku ta kai wa duk wanda ya saka adireshinku, ba tare da kun san ko wane ne ba. Kin goge a wajenki, kwafin yana wajensa. Ga injinan bincike, ga Internet Archive da ke adana tsofaffin shafuka tun 1996, ga wanda zai ɗauki hoton fuskar wayarsa ya tura ta WhatsApp cikin daƙiƙa. Magana zarar bunu ce, Malama, in ta fita ba ta komawa.

Ki duba abin da hoto ɗaya yake faɗa. Fuskar yarinya, kayan makaranta mai bajo, sunanta a ƙasa, ajinta, wani lokaci har allon ƙofar makarantar a bayanta. Wasu wayoyin ma suna liƙa wurin da aka ɗauki hoton a cikin fayil ɗin kansa. Duk wanda ya ga wannan ya san inda take daga safe zuwa tashi. Mu a jihar Kaduna ba sai an yi mana dogon bayani ba, mun ga yadda aka sace ɗalibai a Afaka a 2021 da Kuriga a 2024. Ba intanet ce ta jawo waɗannan ba, amma mutanen da suka ga haka bai kamata su riƙa raba bayanan 'ya'yan mutane kyauta ba. Ko a bar maganar masu garkuwa: akwai ɗan damfara da zai kira uba da sunan 'yarsa da ajinta ya ce ta faɗi an kai ta asibiti, a turo kuɗi. Akwai masu ɗaukar fuskar yarinya su ɗora a kan hoton banza, kuma yanzu wannan ba ya bukatar gwaninta. A garin nan kin san abin da hoto irin wannan zai yi wa yarinya ranar da aka zo neman aurenta, ko da kowa ya san ƙarya ne. Makin gwaji kuwa, yaron da ya ci sifili yana ɗan shekara 12 me ya yi da za a bar masa shi a bainar jama'a har ya girma?

Kuma akwai doka. Dokar kare bayanan mutane ta Najeriya ta 2023 ta ce kafin a yi amfani da bayanan yaro sai da izinin iyaye ko mai riƙonsa. Sassaucin da ta yi wa harkar ilimi na aikin koyarwa ne a hannun wanda ke da nauyin riƙe sirri. Tallar makaranta don a samu sababbin ɗalibai ba ta cikinsa, kuma mu faɗi gaskiya, yawancin wannan "domin iyaye su gani" talla ce. Iyaye amana suka kawo miki, ba su ba ki 'ya'yansu don a yi kasuwa da fuskokinsu ba.

Wannan bai hana ki fitar da rubutunsu ba, kuma ina so ki fitar, don yaro ya fi gyara rubutu in ya san ba malama kaɗai za ta karanta ba. Ki sa su rubuta a littafi, ki gyara, ke ki saka da hannunki. A rubuta "ɗaliba, aji biyu" ko sunan aro da yarinyar ta zaɓa. In hoto ake so, a ɗauki rubutun hannun ko allo, ba fuska. Maki kuma ya tsaya a katin sakamako.

Mai makaranta kada ki tunkare shi a gaban malamai. Ki same shi a ofis da aikin da kika riga kika yi, darasi biyu da kika samo ta RSS da rubutun yara da babu suna, don ya ga ba gudun aiki kike ba. Sannan ki roƙe shi a fitar da takardar neman izini a rubuce, da Hausa, a kai maganar taron iyaye da malamai. Uban da ya ce a'a, a bar masa 'yarsa ba tare da an nuna mata bambanci a aji ba.