Jif ɗina ta ƙi tashi bayan na sha gurɓataccen mai, in sayi sabon famfo?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da Toyota Highlander ƙirar 2004. A hanyar dawowa daga Funtuwa mai ya yanke mini, na sha galan biyu a wurin 'yan bumburutu. Ban yi nisa ba ta fara fizga tana tari, sai ta mutu. Injin yana juyawa amma ba ya kamawa. Makanikena ya ce famfon mai da nozul (masu fesa mai cikin injin) ne suka tafi. In sayi sababbi, ko in nemi na Beljiyam? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya kiyaye gaba. Kada ka sayi komai tukuna, kuma don Allah ka daina yi mata ki. Duk juyin da ka yi, ƙara tura gurɓataccen man kake yi cikin nozul, ga batir yana sauka, ga kik yana ɗaukar zafi.

Ka fara da gorar ruwa mai haske, busasshiya. A zuƙo mai daga can ƙasan tanki a zuba ciki, a ajiye minti goma a inuwa. Ruwa ya fi fetur nauyi, don haka idan akwai shi za ka ga ya kwanta a ƙasa, da layi sarai tsakaninsu. Wannan ne ma dalilin da ruwa kaɗan yake kashe mota: famfo daga gindin tanki yake zuƙa, ruwan yake fara sha kafin fetur. Idan ba ka ga layi ba, ɗiga man a farar takarda. Fetur mai kyau yakan bushe nan take. Wanda aka haɗa da kananzir ko gas yakan bar tabon maiƙo.

Daga nan a juye tankin gaba ɗaya a wanke, a hure layin mai, a wanke ragar da ke bakin famfo, a canza filta. A tsohuwar mota tsatsa da laka sun riga sun taru a ƙasa, ruwa sai ya motsa su. A cire filogi a duba, in sun jiƙe ko sun yi baƙi a goge ko a canza. Sai a zuba mai na gidan man da ka yarda da shi. Ina roƙonka, kada yaron gareji ya zuƙi tiyo da baki, a cire kan batir, kuma a yi aikin a fili nesa da mai walda.

Sai bayan wannan za a yi wa famfo hukunci. Murɗa makulli ba tare da ka tayar ba, ka saurara ta wajen kujerar baya. Lafiyayyen famfo yakan yi ɗan gurnani na daƙiƙoƙi. In shiru ne, a duba fiyus da rile (ɗan makunnin da ke ba famfo wuta), don wasu motocin ma sai ana yin ki famfon ke tashi. A sa ma'aunin ƙarfin mai, irin wannan injin yana son ma'aunin ya nuna wajen 3 a awon da ake kira “bar”. Nozul kuwa sau da yawa wanki suke buƙata, ba canji ba.

Abin yana ci mini rai, domin mun gani a Fabrairun 2022, lokacin da aka shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol daga Antwerp ta ƙasar Beljiyam. Mutane sun yi ta sayen famfo suna sa shi cikin tankin da ba a juye ba.

Idan an tabbatar famfon ya mutu, sabo na asali na kamfanin Denso ne zaɓina na farko. In aljihu bai kai ba, na Beljiyam daga kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano ko Fanteka ta Kaduna ya fi sabo marar suna, muddin an gwada shi a gabanka kuma an yarda ka mayar in ya ƙi. Kwalaben maganin wanke nozul ba sa fitar da litar ruwa, ka bar kuɗinka. Idan ta tashi, ka shinshina sandar gwajin baƙin mai. In kana jin warin fetur, a juye shi kafin ka hau babban titi.