Ɗan Gwanjo da Tsofaffin Kaya Masu Tsada: Kada Ka Zuba Jarinka a Dila

Wani ɗan kasuwa daga Ƙofar Wambai a Kano ya aiko da wannan tambaya: "Assalamu alaikum, Malam. Shekara 9 ina sayar da gwanjo. Kwanakin baya na buɗe dilar wanduna, wani yaro ya zaɓi jins guda ɗaya, tsoho har gwiwarsa ta koɗe, ya biya naira dubu 7 ko ragi bai nema ba. Bayan sati ɗana ya nuna min wandon a Instagram, an sa masa dubu 60, har an saya. Wai bintej sunansa. Ina da miliyan 2 da na tara. In ƙara sayen diloli ne in riƙa tsince irin waɗannan? Kuma ta yaya zan gane na gaske?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Na san abin ya yi maka ciwo, amma ka sa a ranka cewa yaron nan bai cuce ka ba. Kai ka yanka farashi, shi kuma ya biya. Abin da ya fi ka shi ne ya san wandon da ke hannunsa, kuma wannan sani ana koyonsa.

Maganar ƙara diloli kuwa, ban ba ka shawara ba. Kafin dila ta iso Kwatano ko Lome, balle Kano, ta bi ta gidajen tantance kaya a Turai da Amurka, inda akwai masu aikin tsame irin waɗannan tsofaffin kaya tun kafin a ɗaure. Abin da ya faɗo hannunka kuɓuce musu ya yi. Za ka iya buɗe diloli da yawa a jere ba ka sake gamuwa da irinsa ba, ka tashi da tulin kayan da ba ka yi shirin sayarwa ba, jarinka ya kwanta. A wannan harka ɗai-ɗai ake saye, da ido. Kasuwar da kake ciki ma ta ishe ka. Ranar da maƙwabtanka ke buɗe dila ka yi sammako, ka zaɓa, ka biya abin da suka faɗa ba tare da dogon ciniki ba. In suka ga kana biya da kyau, su da kansu za su riƙa kiranka.

Bintej a wajen masu harkar shi ne kayan da ya kai shekara 20 da yinsa. Da wannan ma'auni kasuwar Etsy ta intanet take aiki. Sai dai tsufa kaɗai ba ya sa kuɗi. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani, to sai ta kasance zuma ce tun asali. Wando mara suna na shekara 30 gwanjo ne kamar kowane.

Tunda da jins ka fara, tsaya a kan Levi's, don shi ne ya fi alamomin da ake karantawa. Ɗauki wandon ka juya bayansa. A gefen aljihun dama akwai ɗan jan ƙyalle da bai kai faɗin farce ba, wanda kamfanin ya fara sawa a 1936. Sunan Levi's ne rubuce a kansa. Kafin 1971 duk haruffan jikinsa manya ne, daga nan aka mayar da E ta zama ƙarama. Sai ka naɗe ƙafar wandon ka dubi ɗinkin gefe ta ciki. Idan ka ga bakin yadin a rufe yake tun daga masaƙa, fari da siririn jan zare a tsakiya, wannan saƙar tsofaffin injina ce, kuma a cikin shekarun 1980 aka daina amfani da ita a samfurin 501 na gama-gari. Juya maɓallin ƙugu kuma, a bayansa za ka ga lambar masana'anta a buge. 555 ta masana'antar titin Valencia ce a birnin San Faransisko, wadda masu tara kaya ke so. Rubutun da ke nuna an yi wando a Amurka ma yana da nauyi, domin kamfanin ya rufe masana'antunsa na ƙarshe a can tsakanin 2003 da farkon 2004.

Ga inda mutane ke faɗuwa. Kamfanin da kansa ya dawo yana yin sababbin wanduna masu babbar E, masu jabu kuma sun iya ɗinka jan ƙyalle. Saboda haka shaida ɗaya ba ta yanke hukunci. Ka nemi uku, kuma bakinsu ya zo ɗaya. Ƙyallen da ke bayanin yadda za a wanke tufa, dokar Amurka ta wajabta shi ne daga 1972. In ka ga wando mai babbar E amma a cikinsa akwai dogon ƙyallen wanki mai harsuna da yawa, har da adireshin intanet, to ba na kafin 1971 ba ne, ko da kuwa ya koɗe kamar ya sha rana shekara 50. Koɗewar ma ka dube ta da kyau: ta gaske tana bin jikin wanda ya sa, a gwiwa da bayan gwiwa da bakin aljihu, ƙafar hagu ba ta zama daidai da ta dama. Wadda aka yi da inji tana fitowa tsaf iri ɗaya a ƙafa biyu.

Akwai wata alama mai sauƙi da nake so ka haddace, tana aiki a kan riga da kwat da jaka: sunan ƙasar da ta daina wanzuwa. Jamus ta Yamma ta haɗe da ta Gabas a 1990, Tarayyar Sobiyet ta rushe a 1991, Cekosulobakiya ta rabu biyu a farkon 1993. Tufar da ke ɗauke da ɗayan waɗannan sunaye ta faɗa maka shekarunta da bakinta. A rigunan tishat na Amurka kuma dubi kalmasar hannu da ta ƙasa. Layin ɗinki ɗaya ya fi yawa a kayan da aka yi kafin tsakiyar shekarun 1990, daga baya layi biyu ya zama ruwan dare. In baƙar riga ce, ja gefenta a hankali da yatsu biyu, domin wasu rinin ya cinye zarensu, suna yagewa kamar takarda duk da kyan idonsu.

Jesin Super Eagles na da ma yana da masu nema, kuma kwaikwayonsa ya cika kasuwa. Na gasar cin kofin duniya ta 1994 Adidas ne ya yi shi, na wasannin Olamfik na Atlanta a 1996 kuma Nike. Wanda ya kawo maka jesin 1994 da tambarin Nike, ka mayar masa da abinsa.

Takalma ina jin tsoronsu a gare ka yanzu. Kambas da yawa ana yi musu ƙasa da wani irin soso wanda danshi ke lalatawa a hankali ko ba a taka shi ba. Sai ka ga takalmi fes, ka danna ƙasansa da babban yatsa ya marmashe kamar busasshen burodi. Zafin rumfa a watan Afrilu kuma yana sakin gam. In dole sai ka taɓa takalmi, ka tsaya a na fata masu ɗinki, irin Dr. Martens da aka yi a Ingila kafin kamfanin ya mayar da yawancin aikinsa Asiya a 2003. Jakunkunan mata masu manyan sunaye kuwa ka bar su tukuna, jabunsu ya kai inda har lambar ciki ake kwaikwaya.

Yanzu kuɗi. Daga miliyan 2 ɗin nan ware dubu 200 kacal, sauran su ci gaba da juyawa a gwanjon da ke ciyar da gidanka. Gwanjo na yau da kullum ribarsa kaɗan ce amma yana fita kullum. Wannan kuwa wando ɗaya zai iya yin wata uku a rataye yana jiran mutum ɗaya da ya san shi, kuma ƙugunsu ya zo daidai. Sayi littafi daban. Kowane kaya ka rubuta ranar da ka saye shi, nawa ka biya, alamomin da ka gani, da ranar da ya fita. Bayan wata uku ka zauna ka lissafa har da kuɗin data da na aike da waɗanda suka yi kwantai. In dubu 200 ta haihu, ka ƙara daga ribarta. Abin da ya ƙi fita ka mayar da shi cikin gwanjo ka karɓi uwar kuɗinka.

Wajen sa farashi kada dubu 60 ɗin nan ta ruɗe ka. Kowa na iya rubuta abin da ya ga dama a ƙarƙashin hoto. Ɗanka ya shiga kasuwar eBay ta intanet ya duba sashen kayan da aka riga aka sayar, nan ne za ku ga abin da mutane suka biya da gaske, sannan ku tuna cewa mai saye a Legas ko Abuja ba da dala yake samun kuɗi ba. Sayarwa ƙasar waje ka jinkirta ta, kuɗin aike da hanyar karɓar biya za su iya cinye ribar.

Ina roƙonka abu ɗaya: kada ka kai wa tela ya rage tsawo ko ya canza zif, kada kuma ka sa sinadarin sa fari. Kalmasar asali da tsohon zif, musamman mai sunan Talon, suna cikin abin da ake biya. Wanki da hannu, shanya a inuwa, a ajiye inda fumfuna da asu ba za su kai ba. Huji ko tabo, a ɗauke shi a hoto a nuna wa mai saye tun kafin ya tura kuɗi. Ɓoye aibin kaya algus ne, kuma masu sayen irin wannan kaya ba su da yawa, sun san juna, labari yana zagaya su da wuri.

Ɗanka ya ɗauki hoton gaba da baya, da jan ƙyallen, da bayan maɓalli, da cikin ƙafar wandon. Ku sayi tef na tela ku auna ƙugu da tsawo ku rubuta, domin tsohon jins ya sha wanki ya tsuke, lambar da ke jikinsa sau da yawa ba ita ce girmansa na yanzu ba.