Amsar tambayarka kan toka da azumin Katolika

Ɗana, na ga saƙonka tun jiya, ban amsa ba ne don maganar ba ta layi biyu ba ce. Kace ranar Larabar Toka, ranar da ake shafa mana toka a goshi a coci, abokan aikinka sun tsare ka, wai wane irin azumi ne mutum yana shan ruwa har da cin abinci, wai me ya raba nama da kifi, kuma tokar nan ta goshi ba riya ba ce? Kai kuma ka rasa ta cewa. Toh gara da ka tambaya, matambayi baya ɓata.

Dokar kanta gajeriya ce. Kwana biyu ne kacal a shekara Ikilisiya ta wajabta azumi, Larabar Toka da Juma'ar da aka gicciye Ubangiji. A ranakun nan sau ɗaya zaka ci ka ƙoshi, in jiki ya matsa ka ɗan taɓa wani abu kaɗan sau biyu, ruwa kuma ba a hana ba. Wannan yana kan wanda ya cika shekara 18 har ya shiga ta 60. Ƙaurace wa nama kuwa tun daga shekara 14 yake farawa, a waɗannan ranakun da duk Juma'o'in Lent, wato kwana arba'in na tuba da ke farawa ranar Larabar Toka kafin Ista. Mara lafiya da mai ciki da mai shayarwa babu laifi a kansu. Paparoma Bulus na shida ne ya kafa tushen wannan tsari a 1966, kundin dokokin Ikilisiya na 1983 ya tabbatar, sai dai ya sauko da shekarun fara azumi daga 21 zuwa 18.

Amma inda nake so ka buɗe kunne shine nan. Abinda doka ta rubuta shine mafi ƙaranci, iyakar da bai kamata ka gaza ba, ba a ce ka tsaya a wurin ba. Ikilisiya tana da 'ya'ya a ko'ina a duniya, da mai aikin ƙarfi da tsoho da wanda dama da ƙyar yake samun na sau ɗaya a yini, uwa kuma bata ɗora wa 'ya'yanta duka kaya iri ɗaya. Sai ta ajiye ɗan kaɗan da kowa zai iya, sauran ta bar maka kai da Allahnka. Kai da kake da ƙuruciya da lafiya in ka tsaya kan kwana biyun nan kawai kace ka gama, gaskiya ni dai zan ce ka yi wa ranka rowa. Kwana arba'in ne fa, kamar yadda Yesu ya yi a jeji, ba a lissafa Lahadi a ciki shi yasa in ka ƙirga daga Laraba zuwa Ista zaka samu 46. Kuma azumin baya tafiya shi kaɗai, a Matiyu sura 6 tare aka jero su, sadaka da addu'a da azumi. Kuɗin abincin da ka hana cikinka in ya koma aljihunka ya kwanta, toh tattali kayi. Ka karanta Ishaya 58 kaji irin azumin da Allah yace yana so, ka raba abincinka da mayunwaci, ka suturta wanda bashi da sutura.

Batun nama, kada ka bari wani yace maka mun ɗauke shi haram ko ƙazanta. A'a. Nama abincin biki ne da farin ciki, Juma'a kuma ranar da Yesu ya ba da jikinsa ne a kan gicciye, sai muke barinsa don tunawa. Kifi a zamanin da abincin talaka ne a wurare da yawa. Shi yasa nake jin ciwo in naga mutum ya bar nama ya je ya kashe kuɗi ninki biyu kan kifi mai tsada, ya kiyaye harafin doka amma ya zubar da dalilinta.

Toka kuma, ganyen dabinon da muka riƙe ranar Lahadin Dabino ta bara, wato Lahadin da ke kafin Ista, ne ake ƙonawa a tsarkake. Ka lura da abinda Fada, wato limamin coci, yake faɗa sa'adda yake shafa maka, ko dai yace ka tuna kai turɓaya ne kuma ga turɓaya zaka koma, wannan daga Farawa 3:19, ko yace ka tuba ka gaskata bishara, Markus 1:15. Ina abin taƙama a nan? Mai riya cewa yake ku ganni ni adali ne, mai toka cewa yake ni mai zunubi ne kuma zan mutu. Tun a Tsohon Alkawari haka masu tuba suke yi, Ayuba yayi, sarkin Nineba ma ya zauna cikin toka. Duk da haka tambayar abokanka tana da ƙamshin gaskiya, domin Yesu yace in kana azumi ka wanke fuskarka kada ka nuna wa mutane. In kaji zuciyarka ta fara jin daɗin ana kallonka, goge ta, babu dokar da tace sai ta yini a goshinka. In kuma kunyar a san kai waye ce take sa ka so gogewa, toh bar ta.

Kafin Ista ka samu Fada ka furta zunubanka, kada ka jira makon ƙarshe lokacin da layi yake tsawo. Juma'ar nan kuma in an tashi aiki ka je Hanyar Gicciye, addu'ar tuna wahalar Yesu a kan hanyarsa ta zuwa gicciye, tasha 14 ne, bata cin lokaci. Ka gaida min mamarka.