Faifan "Love Me Do" da Na Gada: Na Jabu Ne?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya yi karatu a Ingila, kuma cikin kayan da ya bari akwai ƙaramin faifan waƙar "Love Me Do" ta ƙungiyar mawaƙan nan The Beatles, mai jar takarda a tsakiya, an rubuta Parlophone da lamba 45-R 4949. Na sa an kunna mini, sai na ji kiɗan ya saɓa da wanda nake ji a waya: babu kacau-kacau ɗin nan da ke bin ganga. Wani dillali ya ce alamar jabu ce, amma zai saya da araha. Ya kuma ce in wanke shi da fetur ƙarar ta tafi, in gwada shi a garmahon gidanmu. Hankalina ya tashi, don abin tunawa da mahaifi ne. Yaya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta. Kafin komai, kada fetur ya kusanci faifan nan, kada kuma ya hau garmaho. Zan dawo kan wannan.

Rashin kacau-kacau da ya tayar maka da hankali shi ne abin da masu tara faifai ke kasa kunne su ji. Sau uku aka ɗauki waƙar nan a situdiyon kamfanin faifai na EMI da ke Abbey Road a Landan, cikin 1962, kowane da makaɗin ganga daban. Ranar 6 ga Yuni Pete Best ne ya kaɗa. George Martin, mai kula da ɗaukar waƙoƙinsu, bai gamsu da shi ba, a watan Agusta aka sallami Best. Ranar 4 ga Satumba aka sake da sabon makaɗinsu, Ringo Starr. Shi ma kiɗansa bai kwanta wa masu situdiyon ba, sai ranar 11 ga Satumba aka ɗauko hayar Andy White, aka miƙa wa Ringo tamburin, wato abin da kake kira kacau-kacau. Bugun farko da ya fito kasuwa ranar 5 ga Oktoba 1962, da jar takarda, ɗaukar Ringo ce ta 4 ga Satumba, babu tamburin. Ta Andy White ce ta shiga kundin Please Please Me a Maris 1963, ita ce kuma ta fi yawo a waya yau. Sai dai bayan faifan, "P.S. I Love You", White ne a ganga tun bugun farko.

Ban riƙe faifanka a hannu ba, saboda haka ba zan rantse maka ba. An sake buga shi a 1982 da 2012 da kama irin ta da. Duba filin da ke tsakanin ƙarshen waƙa da takarda, ƙarƙashin haske, za ka ga lambar da aka tsaga. Ta asali tana ɗauke da 7XCE 17144. Kada kuma kowa ya ruɗe ka da zancen miliyoyi. Waƙar ta kai lamba 17 a jadawalin waƙoƙin da suka fi kasuwa a Birtaniya, an sayar da ita da yawa, darajar kowane faifai tana ga lafiyarsa. Wanda ya yi wuyar samu ƙwarai shi ne na talla, kimanin guda 250 masu farar takarda, inda aka rubuta sunan Paul McCartney, ɗaya daga cikin mawaƙan, da kuskure, "McArtney".

To, mu koma kan fetur, don nan ne raina ke ɓaci. Kusan kullum sai an kawo mini faifan da aka kashe da sunan gyara. Mutane sun ɗauka ƙarar da suke ji datti ne da ke saman faifai, in ya yi ƙyalli ya warke. Sautin ba a saman yake ba. Yana cikin tsagin da bai kai kaurin gashin kai ba, a jikin bangonsa guda biyu da allura ke bi. Fetur, kananzir, sinadarin goge farce, duk suna taɓa robar da aka yi faifan da ita. Na ga wanda aka shafa wa man goge takalmi, na ga wanda aka shafa wa basilin. Ranar farko ya yi sheƙi kamar sabo, mai saye ya biya. Man ya kwanta cikin tsagi, ƙurar hunturu ta manne masa, allura ta riƙa jan wannan taɓon tana kankare bangon a kowane zagaye. Abin da ya kankaru ya tafi ke nan, babu injin da ke mayar da shi, babu kwamfutar da ke ƙirƙiro shi. Wanda ya ce maka zai iya, kuɗinka yake so.

Garmaho kuwa ya fi fetur saurin kisa. An ƙera shi don faifan da, mai tauri, mai juyi 78 a minti, da allurar ƙarfe mai kauri da kai mai nauyin fiye da giram 100. Naka juyi 45 ne, roba ce mai laushi, tsaginsa siriri, allurar da ta dace da shi giram 2 ko 3 take dannawa. Kunnawa ɗaya a garmaho ta isa ta huɗe shi kamar garma a gona. Wani dattijo ya taɓa kawo mini faifai bayan an yi masa haka, tsagin ya koma toka-toka, ya zauna yana roƙona in gyara, ni kuwa babu abin da zan iya. Har yau ina jin nauyin wannan zama. Haka masu ɗora kwabo a kan hannun allura don kada ta yi tsalle, da masu shanya faifan da ya lanƙwashe a rana tsakanin gilashi biyu. Duk ɓarna ce, kuma masu ba da shawarar ba su taɓa biyan diyya ba.

Abin da ya sa nake matsa maka a kan wannan faifan musamman: uwar tef ɗin ɗaukar 4 ga Satumba, wato tef na asali da aka naɗi waƙar a kai, ba ta nan, EMI ba su adana ta ba. Da suka tashi sake fitar da ita, kamar a kundin Past Masters na 1988, daga jikin faifai irin naka suka kwafo sautin, wanda wani ya kula da shi shekara da shekaru. Kamfani da duk ƙarfinsa ya koma dogaro da mai ajiya a ɗaki. Idan naka na asali ne, irin wannan amanar Baba ya bar maka.

Sami tataccen ruwa daga kemis da ƙyalle mai laushi marar gashi. Jiƙa shi kaɗan, ka bi da'irar tsagin a hankali, kada ka ratsa ta, kada ruwa ya taɓa jar takardar. Bar shi ya bushe a inuwa. Riƙe shi ta gefe, sa shi cikin sabuwar rigar takarda, ajiye shi a tsaye, nesa da taga da rufin kwano. Tsohuwar rigarsa ma ka adana, tana cikin darajarsa. Idan ka sami mai injin da ya dace da allura mai lafiya, a kunna sau ɗaya a naɗi sautin, ka riƙa sauraron kwafin. Dillalin nan kuwa, ka ce masa ba na sayarwa ba ne, kuma kada ka bar faifan ya kwana a hannunsa ko da da sunan dubawa.